Sunan Da Umma Ba Ta Faɗa

Shafi na 31

Kai, jama'ar gidan nan kun iya matsa wa mutum! Mura ce fa ta kwantar da ni, amma an cika min waya da "ina labari, ina labari" kamar na gudu da shi. To ga shi. Ku kuma masu zagin Umma Zali kuna cewa ba ta da zuciyar uwa, ku matso gaba-gaba, shafin yau naku ne.

*

Tun daga nesa Malam Isufu ya hango jajayen fitilun birki sun jeru a kan hanyar shiga Makka, sai ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Innalillahi," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

'Yarsa Walida da ke zaune a gefensa ta ɗago daga kan waya. Tun da suka baro garin Laith bayan azahar take ta duba hotunan teku tana murmushi ita kaɗai.

"Baba, haɗari aka yi?"

"Ba haɗari ba ne. Taftish ne."

Ta taɓe baki ta mayar da kai. Shingen bincike a ƙofar Makka ai ba baƙon abu ba ne. Iƙamarta, wato katin izinin zama, na cikin jaka, me zai dame ta?

Da ta waiwaya baya da ta ga abin da zai dame ta. Mahaifiyarta Umma Zali ta ƙanƙame maficin kabar da ke hannunta har ya lanƙwashe.

An jera tubalan siminti dama da hagu, titin ya tsuke ya koma layi ɗaya. Kafin Malam Isufu ya gama tunanin juyawa wata ƙatuwar tirela ta zo ta manne musu a baya. Gaba mota, baya tirela, gefe siminti. Shi ke nan, an shiga.

Ga rana ba ta gama yin sanyi ba, ga esin tsohuwar motar sai huci yake. Ƙanƙarar da suka zuba a kular kifi ta narke, ruwan ya fara tsiyaya yana jiƙa kujerar baya, ƙarni ya cika motar.

Tafiyar dai ta yi wa Walida daɗi, wannan kam ba ƙarya. Shekararta goma sha tara, haifaffiyar unguwar Misfala a Makka, amma sai jiya Juma'a ta fara ganin teku da idonta. Alkawarin Baba ne in ta gama sakandare. A gaɓar Shu'aiba ta tsoma ƙafa ta yi ihu, ta ɗanɗana ruwan ta tofar saboda gishiri, Baba yana ta mata dariya. A Laith suka kwana gidan abokinsa Yunus. Da safe ya kai su bakin jirage inda ake gwanjon kifi, ta ga kifin najil jajawur, ta ga hamur mai ƙaton baki, ta ga wani tsoho yana ɗinke komarsa da yatsan ƙafa a saƙale. Aka gasa musu kifin a tanderun ƙasa, aka zubo shinkafar sayadiyya da ta sha albasa, ga miyar tsamiya a gefe. Walida ta ci har da lasar yatsu.

Umma ko loma ɗaya.

Abin da ya tsaya wa Walida a rai ke nan. Tun da suka je Umma ta ba wa tekun baya. Hoto ta ƙi, kifi ta ƙi, ko kallon jiragen ba ta yi ba. Wuri ɗaya ta saki jiki, rumfar tsofaffin matan da ke saƙar kaba a bayan kasuwa. Nan ta zauna a ƙasa cikin tabarmi da kwanduna da malafuna, ta karɓi wani mafici da aka fara ta ƙarasa masa baki, tana magana da su ƙus-ƙus. Da ta taso kuma idonta jajir.

Layin ya ɗan matsa. Yanzu ana iya hango shingen sosai. Malam Isufu ya miƙa wuya, sai ya ga abin da yake tsoro: kwantena fara a gefen titi, kusa da ita doguwar mota mai waya a tagogi.

Ya kashe rediyo.

"Walida."

"Na'am, Baba."

"Aje wayar nan ki saurare ni. Wannan ba irin taftish ɗin da ake ɗaga wa mutum hannu ya wuce ba ne. Samame ne."

"Tayyib, sai me? Takardunmu lafiya lau ne."

"In munka isa, ni zan yi magana. In an tambaye ki wace ce a baya, ki ce gwaggonki ce, Mujahida."

Ta yi dariya. "Gwaggo Mujahida tana unguwar Aziziyya tana fama da aikin otal."

Ba wanda ya taya ta dariyar.

Ta kalli Baba, ta juya ta kalli Umma. Ta cikin niƙabi idanu kawai ake gani, su ma a ƙasa suke.

"Ban gane ba. Lesh? Me ya sa zan ce Umma gwaggona ce?"

"Don katin da ke jakarta na Mujahida ne."

"Nata fa?"

Malam Isufu ya kafe titi da ido.

"Baba, nata fa? Ta manta a gida?"

"Ba ta da shi."

"Ya'ani ya ƙare ba a sabunta ba?"

"Ba ta da shi, Walida. An daɗe."

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Umma ba ta zuwa Jidda biki, wai mota na juya mata kai. Umma ba ta zuwa asibitin gwamnati, wai ta fi yarda da sassaƙe. Ko Harami sai an yi cunkoso take shiga, a tsakiyar mata.

Ta cire bel ta juya gaba ɗaya ta durƙusa a kan kujera.

"Umma, wace ce Ummulkhairi?"

Umma ta ɗago da sauri.

"Na ji ki ɗazu a rumfar masu saƙa. Kin tambaye su ina Ummulkhairi, suka ce ta rasu, kika yi kuka. Kin ce min ba ki taɓa zuwa Laith ba. Ta ina kika san sunan mutum a garin da ba ki taɓa zuwa ba?"

"Ke, zauna daidai, ana kallonmu."

"Ba zan zauna ba wallah!"

"Walida!" Malam Isufu ya daka mata tsawa.

"Bar ta, Malam," in ji Umma. "Tunda munka zo nan, gara ta ji a bakina."

Ta ajiye maficin a cinya tana shafa shi.

"Kin tuna shekarar da anka ce miki na tafi Maradi jinyar Inna?"

"Ina aji huɗu. Na dawo daga makaranta na tarar ba kya nan. Ko sallama ba ki min ba." Walida ta kafe ta da ido. "Har yau ban manta ba."

"Ba jinya ba ce. Kama ni anka yi."

"Kama ki?"

"Ina saida wa alhazai faifai da mafitai a hanyar Harami. Matar da ke kan iƙamar miji ba ta da izinin kasuwa, na sani, amma kowa na yi. Askari ya zo ya tsaya a kaina, ko faɗa bai yi ba. Ya ce, 'Minti biyu, hajja, tambaya ce kawai.' Na bar tukunya a kan wuta a gida, na ce yanzu zan koma. Anka shiga da ni ɗaki, anka ɗauki yatsuna. Daga nan sai irin waccan motar." Ta nuna mai wayar da haɓa. "Daga nan sai jirgi."

"Shi ke nan anka soke iƙamarta," Malam Isufu ya ƙarasa, idonsa a kan titi. "Wanda anka ɗauki yatsansa anka fitar, ba shi da sauran dawowa ta ƙofa."

"To ta ina kika dawo?"

Umma ta kalli kular da ke tsiyaya a gefenta.

"Ta inda kifin ga ya fito."

Wallahi ni kaina da na zo nan sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

"Ta ƙasa na bi har Sudan," Umma ta ci gaba. "Daga can jirgin masunta. Sunka kwantar da mu a ƙasan jirgi, sunka rufe mu da tamfol, sunka jibga koma da kifi a sama. Ruwan kifin na ɗiga min a fuska, yana shiga hanci, ba halin tari. Wata 'yar Zinder da ke kusa da ni tun tana riƙe min hannu har ta saki. Da munka kusa gaɓa sunka ce kowa ya dira. Ruwa iya wuya, ni ko iyo ban iya ba."

Walida ta toshe baki da hannu. Ɗazu-ɗazun nan take tura wa Umma farantin kifi a gaba tana cewa, "Ki ɗanɗana mana, kina ɓata mana tafiya."

"Ummulkhairi ta tsince ni a bakin ruwa ta fito yankan kaba. Ta ɓoye ni a bayan tarin kabarta har babanki ya samu labari ya zo. Ba ta tambaye ni takarda ba. Ta ga hannuna ya iya saƙa, sai ta turo min kaba muna yi tare. Na so in yi mata godiya yau, ashe ta riga mu."

"Umma, da kin mutu fa? Me ya kai ki wannan kasadar? Ba ga danginki a Maradi ba?"

Umma ta kawar da kai gefen taga.

"An bar yarinyar mutane ba mai yi mata kitso."

Ku ji fa! Yarinyar mutane. Ko a wannan halin matar nan ba za ta ce ɗiyata ba.

Sababbin shigowa, ku gane wani abu. Walida 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Malam Isufu ta ci, Rumasa'u. Kunya biyu ke nan ta haɗu wa Umma, ta ɗan fari da ta suruka. Shi ya sa ake ce wa yarinyar Walida. Tun da aka raɗa sunan, Umma ba ta taɓa furta shi ba, ko a waya, ko a addu'ar da ake ji. Walidar ma sai ta kama dole, yawanci "ke" ne da "yarinyar nan". A Maradi wannan tarbiyya ce, har yabon mace ake. Amma yarinyar da ta tashi a Makka tana jin iyayen ƙawayenta suna "ya binti, ya galbi" a ƙofar makaranta, ita ba tarbiyya ta gani ba. Gani ta yi ba a son ta.

Walida ta share hawaye da bayan hannu.

"To da kika san haka, me ya sa kika biyo mu? Me ya sa ba ki zauna a gida kamar kullum ba?"

Malam Isufu ne ya amsa, kuma da zafi.

"Mi kinka faɗa mata ranar Laraba a kicin?"

Walida ta sunkuyar da kai.

"Faɗi mana. Ina falo ina jin ki."

"Na ce..." Ta saci kallon Umma. "Na ce da ita ta haife ni da ta bi ni."

"To. Kina fita ta sa abaya ta tafi wajen Mujahida aron kati. Na hana, na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce min askari ya fi mata sauƙi a kan wannan maganar."

"Malam, ya isa."

"Bai isa ba, Zali! Ga shi nan ai mun zo!"

Walida ta fashe da kuka mai sauti. "Umma, ki yafe min. Wallah ban sani ba. Wallahil azim ban sani ba."

"Ke, rufe bakinki. Ido ya kumbura ki ja mana tambaya."

Tirelar baya ta danna hon, layin ya matsa. Malam Isufu ya ja motar a hankali.

"Baba, mu juya."

"Ta ina?"

"To Umma ta sauka ta koma baya da ƙafa, mu wuce mu zagayo mu ɗauke ta."

Kamar jira ake ta faɗa. Ƙofar wata motar ɗaukar kaya da ke gabansu ta buɗe, wani mutum ya diro ya tsallake simintin ya zura da gudu cikin rairayi. Fili ne fetal, ko itace babu. Bai yi nisa ba motar sintiri ta sha gabansa. Suna kallo aka taho da shi, takalminsa ɗaya a hannu, aka sa shi a doguwar motar.

Ba wanda ya sake maganar sauka.

"In na'urar duba yatsa ta gane ta, me za a yi mata?" Walida ta tambaya a hankali.

"Gidan yari tukuna. Sannan tarhil, a sake fitar da ita daga ƙasar. Wannan karon kuma ba ta da ƙarfin ƙasan jirgi."

Ya goge zufa da hularsa ya mayar.

"Mu yi bita. Wace ce a baya?"

"Gwaggo Mujahida."

"Da Larabci."

"Ammati."

"Zali, mi ne sunanki?"

"Mujahida."

"Wa ne ni a wajenki?"

"Yayana."

"Ina kike aiki?"

"Otal, a Aziziyya."

"Madalla. Kar ki ƙara ko kalma a kan abin da anka tambaye ki. Mata a rufe ba a cika matsa musu ba in namiji ya yi bayani. Ku yi ta salati."

Motar gabansu ta wuce. Askarin ya yi musu alama da yatsu su matso.

Matashi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, da gani ya gaji. Ya yi sallama, ya sunkuyo, sai ya ja hanci ya yi murmushi.

"Daga Laith?" ya tambaya da Larabci.

"Daga Laith, ranka ya daɗe."

"Najil?"

"Najil da hamur."

"Ma sha Allah, yau akwai cin daɗi a gidan nan. Iƙama."

Malam Isufu ya miƙa katunan uku.

"Su wa ke tare da kai?"

"'Yata, da ƙanwata."

Askarin ya duba na farko, ya duba na biyu, ya duba na uku. Ya haɗa su wuri ɗaya. Har ya miƙo hannu, har Malam Isufu ya buɗe tafinsa zai karɓa, sai ya fasa. Ya taka zuwa tagar baya ya ƙwanƙwasa gilashin. Tunda ba ya ganin fuskar mace, dabararsu ita ce 'yar tambaya.

Umma ta sauke gilashin.

"Mujahida?"

"Na'am."

"Wannan ta gaba, 'yar yayanki. Ya sunanta?"

Jama'a, tambayar da yaron goye zai amsa. Duk bitar da suka yi, ba wanda ya tuna da ita.

Bakin Umma ya riga tunaninta.

"Walida."

Askarin ya kalli katin. Ya sake kallo. A Larabci walida uwa ce, mahaifiya. Ya leƙa ya dubi yarinyar da ke gaba da 'yan yatsunta masu jan lalle, ya dawo ya dubi ta baya.

"Walida? Wannan ce mahaifiyarki?"

"Laƙabi ne, ranka ya daɗe," Malam Isufu ya yi caraf. "A al'adarmu in yarinya ta ci sunan..."

"Ba kai na tambaya ba, ya hajj." Murmushin ya tafi. "Sunanta na kan kati nake so. Faɗi."

Umma ta buɗe baki. Ta san sunan, ita da ta yi naƙudar mai shi. Amma harshen da bai taɓa juya shi ba ya ƙi tashi. Ga tsoro, ga mijinta zaune, sunan uwarsa ne. Leɓenta ya motsa a ƙarƙashin niƙabi, sauti bai fito ba.

Ɗan shirun nan ya ishi askarin.

"Gwaggo ba ta san sunan 'yar yayanta ba." Ya ɗaga katin Walida yana kaɗa shi. "To wannan katin ba na yarinyar nan ba ne. Aro ne. Ya hajj, gyara motar gefe. Ke kuma sauko."

Nan take kan Walida ya kawo wuta. Ita ake zargi! Ba Umma ba, ita! Yatsanta kuwa tsaf yake a na'urarsu, da kanta ta je aka ɗauka. Za ta shiga, ta dangwala, sunanta ya fito, a ba su haƙuri su wuce. Wani irin daɗi ya kama ta har sai da ta danne shi kar ya nuna.

Ta buɗe ƙofa. Ba ta waiwaya ba ta ce da Hausa, da sauri-sauri, "Gwaggo, don girman Allah ki yi shiru. Yatsana lafiya lau ne. Yanzun nan zan dawo."

"Zali, kin ji," Malam Isufu ya raɗa, yana kallon ta ta madubi. "Allah ne ya kawo mana mafita. Kar ki motsa."

Askarin ya ɗaga hannu, wata ma'aikaciya ta fito daga kwantenar ta nufo su. Da ya ga ta baya tana kyarma, sai ya tausaya mata. Bawan Allah, da alheri ya nufa. Ya sunkuyo ya sassauta murya.

"Kar ki damu, hajja. Minti biyu ne. Tambaya ce kawai."

Maganar da aka faɗa wa Umma ranar da aka kama ta ke nan.

Kalma a kan kalma, ba ragi ba ƙari.

Ma'aikaciyar ta kama Walida a tsintsiyar hannu, ba da ƙarfi ba, ta ja ta suka nufi kwantenar. Hanyar kuma sai ta gefen doguwar motar. Daga ciki wata mata ta manna tafin hannunta a jikin wayar tagar tana kallon waje.

"Zali," in ji Malam Isufu. "Zali, kalle ni. Ba irin naki ba ne. Yarinyar nan takardarta..."

Ƙofar baya ta buɗe. Kular ta kife, kifi da ruwan ƙanƙara suka watse a kan kwalta.

"RUMASA'U!"

Wallahi har direban tirelar sai da ya leƙo.

Walida ta tsaya cak. Ba ta ma gane muryar ba da farko, don ba ta taɓa jin sunan a cikinta ba.

Umma ta taho da gudu, takalmi ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Ta cafke ɗayan hannun Walida ta fizgo ta ta rungume, Larabci da Hausa suna fita tare.

"Binti! Hadi binti! Ɗiyata ce, ni na haife ta! Ba inda za ku kai min ita! Rumasa'u sunanta, Rumasa'u, ga shi na faɗa, ku sake min ɗiyata!"

Malam Isufu ya kifa kai a kan sitiyari.

Sau nawa Walida ta tsaya a gaban Ka'aba tana roƙon Allah ya sa Umma ta kira sunanta ko sau ɗaya, ta ce mata ɗiyata kamar kowace uwa? Ga shi an amsa mata. Daɗin da baƙin cikin suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta yi wa kuka.

Da ƙyar ta ɓamɓare hannun Umma daga jikinta. Ta ture ta. Ta juya wajen askarin tana girgiza kai.

"La, la! Ba uwata ba ce! Gwaggona ce wallah, ita ta raine ni, haka take ce min. Tsoro ne ya ruɗa ta. Ba uwata ba ce!"

Ita da ta yi shekaru tana kukan an ƙi ta, yau ita ke rantsuwa ba ta da haɗi da matar.

Askarin ya dube su su biyun. Ya zaro katin Mujahida ya jera shi da na Walida, ya bi shekarun haihuwa da yatsa.

"Shekara goma ce tsakaninku," ya ce a hankali. Ya dubi hannun Umma da ke waje, hannun da kaba ta gama yanka, jijiyoyi duk sun fito. "Ɗaya ta ce 'yarta ce, ɗaya ta ce ba uwarta ba ce. Ba rigima. Ku shiga ku biyun, kowa ta sa yatsa."

Cikin kwantenar sanyi ƙalau. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai 'yar na'ura mai gilashi ja kamar akwatin ashana. Ma'aikaciyar ta rufe ƙofa.

Walida ta fara. Ta dangwala, hotonta ya fito, ma'aikaciyar ta gyaɗa kai.

"Ke kin fita. Hajja, bismillah."

"Don Allah," Walida ta kama gefen teburin. "Don Allah, ya uhti, ba ta da lafiya, hannunta duk ciwo ne, ba zai..."

"Bismillah, hajja."

Umma ta ɗage niƙabinta. Kyarmar ta daina. Ko kallon na'urar ba ta yi ba, fuskar 'yarta take kallo, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ta sa hannu ta gyara mata gefen ɗankwalin da ya zame.

"Rumasa'u."

A hankali ta faɗe shi wannan karon.

"Na'am, Umma."

"Ki tsince kifin ga ki wanke, ki soya wa babanki tun bai lalace ba. Kar ki cika gishiri, hawan jininsa."

Ta miƙa babban yatsanta ta ɗora a kan gilashin.

Na'urar ta yi ƙara.